Kafin A Yashe Ƙasan Teku, A Ƙirga Tsutsotsin Da Ke Cikin Kifinsa

A shekarar 1992 masunta suka fito da wani ƙaton kifin shak a gaɓar Montauk da ke jihar New York ta Amurka, nauyinsa kilo 395. Da aka feɗe shi aka tsaga zuciyarsa, sai ga wasu kifaye biyu masu siffar maciji kwance a ciki, ɗaya tsawonsa santimita 21, ɗayan 24. Da a tumbi aka same su, da sai a ce haɗiye su ya yi. A cikin zuciya suke, inda jini ke kai-komo, kuma cikinsu dam yake da jinin mai masaukinsu. Janine Caira ta Jami'ar Connecticut da abokan aikinta, waɗanda suka wallafa bayanin a 1997, sun ga alamar cewa baƙin sun ɗan jima a wurin, domin naman zuciyar ya nuna illa. Sunan wannan kifi a wurin masana Simenchelys parasitica. Mazauninsa gangaren teku ne, daga zurfin mita ɗaruruwa har ya zarce 2,000, kuma abincinsa na yau da kullum mushe ne. In ya samu hanya kuwa, ba ya jiran mai nama ya mutu.

Irin labarin da jaridu ke so ke nan. A ɗora hoto, mai karatu ya yamutsa fuska, ya yi a'uziyya, ya wuce shafin wasanni. Ƙyamar tsutsa ba laifi ba ce, ta daɗe tana kare ɗan Adam daga cin abin da zai kwantar da shi. Sai dai ta hana a lura da wani abu mai muhimmanci. Tsutsotsi da ƙwarin da ke rayuwa a jikin kifayen can ƙasan teku su ne shaidu mafi arha a kan halin da wannan wuri yake ciki, ga shi kuma ana shirin tura injunan haƙar ma'adinai can ba tare da an ɗauki shaidarsu ba.

Masana suna fara kiran teku mai zurfi daga mita 200. A mita 1,000 hasken rana ya ƙare ƙurmus. Sanyin ruwan a mafi yawan wurare bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba, kuma duk mita goma da aka ƙara nutsewa, ruwan yana ƙara danna jiki da kwatankwacin nauyin dukkan iskar da ke saman mutum a doron ƙasa. Duk da haka akwai kifi. A 2022 Alan Jamieson da wasu masana na Japan sun ɗauki hoton wani ɗan kifi yana iyo a zurfin mita 8,336 a kudancin Japan. Inda kuwa aka samu kifi, an samu mai ci a jikinsa.

Wanda ya fi shahara a cikinsu yana rataye ne a idon shak ɗin Girinlan. Wannan kifi na ruwan ƙanƙara yakan kai mita biyar, tafiyarsa a hankali, girmansa ma a hankali, wajen santimita ɗaya a shekara. A 2016 Julius Nielsen na Jami'ar Copenhagen da abokansa suka auna shekarun mata 28 ta hanyar gwada sinadarin kabon da ke tsakiyar ƙwayar idonsu. Suka ce mafi girma a cikinsu tana da kimanin shekara 392, da yiwuwar kuskuren shekara 120 sama ko ƙasa. Ko da an ɗauki mafi ƙarancin lissafin, shekara 272 ke nan, kuma babu wata dabba mai ƙashin baya da aka san ta kai haka. Ba sa ma isa haihuwa sai sun kai wajen shekara 150.

A kan fatar idon wannan dattijon kifi ne wata halitta mai suna Ommatokoita elongata take kafa kanta. Fara ce sol, tsawonta 'yan santimita, tana da hannaye biyu dogaye da suke haɗuwa a kan wani ɗan ƙulli da ta dasa a cikin idon. Daga nan take lilo, tana kankarar saman idon tana ci, jakunkunan ƙwai biyu na reto a bayanta. Idon yakan yi tabo ya dushe. Wani masani ɗan Norway, Bjørn Berland, ya duba shak sama da 1,500 a gabashin Girinlan, ya wallafa a 1961 cewa kusan dukkansu suna ɗauke da ita, mafi yawansu ma a ido biyun. An daɗe ana yaɗa cewa wai halittar tana walƙiya a duhu tana jawo wa shak ɗin ƙananan kifaye, wato tana biyan kuɗin haya. Labari ne mai daɗin ji, amma babu wanda ya taɓa ganin ta tana haske. Cima-zaune ce kawai. Shi kuma shak ɗin bai fasa samun abinci ba, don a duhun da yake rayuwa hanci ya fi ido aiki.

Abin lura a nan shi ne, shak ɗin Girinlan da masu nutso suke haɗuwa da su a mashigin kogin St. Lawrence na Kanada yawancinsu idanunsu garau suke. Kifi iri ɗaya, wani da ƙwaro a ido, wani babu. Ƙwaron yana faɗar inda kifin ya yi zama.

Masu kula da harkar kamun kifi sun gano amfanin wannan tun tuni. Kifin da ke kusa da saman ruwa ana iya kama shi, a maƙala masa lamba, a sake shi, in an sake kamo shi bayan shekara a san inda ya je. Na ƙasan teku mai jakar iska ba ya jure wannan. Yayin da ake jawo shi sama, iskar da ke cikin jakar iskarsa takan kumbura, idanu su firfito, tumbi ya juyo ya fito ta baki, kafin ya iso kan jirgi ya gama aiki. To yaya za a gane ko jajayen kifayen nan da jiragen Aislan da Rasha da sauransu ke kamawa a tekun Irminger garke ɗaya ne ko garkuna daban-daban? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce duba wani ƙwaro mai suna Sphyrion lumpi, wanda ke cusa kansa cikin tsokar kifin ya bar sauran jikinsa a waje. In ya mutu yakan bar baƙin tabo a cikin naman, abin da masu sarrafa kifi suka tsana domin yana karya farashi. Amma yawan wannan ƙwaro da tabonsa ya bambanta daga wani yanki zuwa wani, don haka ya zama tamkar tsagar gado a fuska, wadda ake gani a san gidan da mutum ya fito. Tun a 1939 masana a Amurka suka fara amfani da shi ta wannan hanya a kan jajayen kifin da ake kamawa a gaɓar arewa maso gabashin ƙasar. Sanin iyakar garke shi ne tushen yanke yawan kifin da za a yarda a kama, don haka maganar ta kuɗi ce da abinci.

Na cikin ciki sun fi na waje ba da labari. Yawancin tsutsotsin hanji da na tsoka ba sa iya kammala rayuwarsu a jikin dabba ɗaya. Ƙwai yakan faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga jikin wani ƙaramin ƙwaron ruwa ko dodon koɗi, ƙaramin kifi ya cinye wannan, babban kifi ya cinye ƙaramin, sai a cikin na ƙarshen tsutsar za ta balaga ta yi nata ƙwan. In mutum ya tsaga kifi ya ga irin wannan tsutsa, ya samu tabbacin cewa duk waɗancan dabbobi suna nan da ransu, kuma suna da yawan da har wani ke samun wani ya ci. Tumbin kifi, in ma bai juyo ba, abincin jiya kawai yake nunawa. Tsutsa kuwa takan zauna watanni ko shekaru, tana nuna abin da kifin ya saba ci.

Wani bincike da Sven Klimpel da abokansa Jamusawa suka wallafa a 2006 ya nuna wannan a fili. Sun feɗe kifaye daga zurfin tekun da ke gabashin Girinlan. Waɗanda ke yawo a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, 'yan tsutsotsi kaɗan aka samu a jikinsu, domin wurin fayau yake, abinci a warwatse. Amma wani kifi mai ƙaton kai da siririyar wutsiya, Macrourus berglax, wanda ke kiwo a kan laka yana tsintar duk abin da ya motsa, an samu iri 20 a jikinsa shi kaɗai. Yawan masu ci a jikinsa hoton yawan rayuwar da ke kan lakar ne. Su dai waɗannan masana sun yi lissafin cewa nau'in kifin ƙasan teku 421 kacal aka taɓa dubawa don neman irin waɗannan halittu, ƙasa da kashi goma cikin ɗari na waɗanda aka sani, kuma a cikin wannan ɗan adadi an riga an samu nau'i 621. An ƙara bincike tun daga lokacin, amma giɓin na nan da faɗinsa.

Kada a ɗauka ana wanke su ne. Suna cutarwa, wasu ma mummunar cuta. A cikin zurfafan mashigan ruwan Norway, musamman Sognefjord, akwai wani ƙaramin shak mai fitar da haske wanda fatar cikinsa baƙa ce, kuma a jikinsa ake samun Anelasma squalicola. Dangin wannan halitta su ne masu ɓawon nan da ke manne wa duwatsun bakin teku da gindin jiragen ruwa suna tace abinci da ƙafafunsu. Charles Darwin ya kwashe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin wannan dangi, kuma ya yi bayanin Anelasma a littafinsa na 1851. Ita ta bar sana'ar gidansu. Tana nan da ƙafafun tacewar, amma ba ta amfani da su. Maimakon haka takan tura saiwoyi cikin naman shak ɗin ta riƙa tsotsa, galibi su biyu a wuri ɗaya. Shak ɗin da ta kama ba ya mutuwa nan take, amma kayan haihuwarsa kan tsumbure. Henrik Glenner na Jami'ar Bergen da abokansa sun nuna a 2014 cewa danginta mafi kusa yana zaune a kan duwatsun gaɓar Asiya yana tace ruwa kamar kowa, wato masana sun samu halitta a tsakiyar hanyarta ta komawa cima-zaune.

Akwai Cardiodectes, wanda ke huda jikin ƙananan kifaye masu fitila ya kai kansa har zuciya. Akwai Sarcotaces, wanda macensa ke zama cikin wani ƙullutu a tsokar kifi, in mai wuƙa ya yi kuskure ya fasa shi sai baƙin ruwa ya kwararo ya ɓata naman. Babu mai cewa kifin da ke ɗauke da waɗannan yana jin daɗi. Maganar ita ce, abin da ke cutar da kifi ɗaya ba lallai ne ya zama alamar ciwo ga tekun gaba ɗaya ba. Sau da yawa ma akasin haka ne.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na Anisakis, tsutsar da duk mai feɗe kifin teku ya sani: fara, siririya, santimita biyu zuwa uku, a nannaɗe a kan hanta ko hanji. Gidanta na ƙarshe tumbin manyan dabbobin teku masu shayarwa ne, wel da dolfin. Ƙwanta yana fita da kashinsu, ƙananan jatan landen da ake kira kiril su haɗiye 'ya'yan, kifi ya ci kiril, wel ya ci kifi, zagaye ya cika. A 2020 Evan Fiorenza da Chelsea Wood na Jami'ar Washington suka tattara binciken da aka yi tsakanin 1978 da 2015, suka ga yawan wannan tsutsa a jikin kifi ya ninka sau 283. Kafafen labarai suka ɗauke shi a matsayin abin firgita masu cin ɗanyen kifi. Masu binciken kuwa sun kawo wani bayani daga cikin waɗanda za su iya zama dalili: Amurka ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a 1972, an kuma dakatar da farautar wel don kasuwanci daga 1986, dabbobin suka fara farfaɗowa, tsutsarsu ta biyo su. Sun ambaci ɗumamar ruwa da takin zamani da ke gangarawa teku a matsayin wasu dalilan da ba a kore ba, kuma daidai ne a riƙe wannan a zuciya.

Wata ɗalibar Wood, Natalie Mastick, ta bi ta wata hanya mai ban dariya. Wata ƙungiyar masu sarrafa kifi a Seattle tana da tsofaffin gwangwanayen kifin salmon na Alaska da ta ajiye don duba inganci, wasu tun 1979. Mastick ta buɗe 178, ta bi naman da ɗan hantsaki tana ƙirga matattun tsutsotsi. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna sun ƙaru a cikin nau'i biyu na salmon a tsawon shekara 42, sun tsaya yadda suke a sauran biyun. Mutane sun ci irin wannan kifin gwangwani shekara da shekaru lafiya lau, don zafin da ake dafa shi da shi ya kashe komai.

Ɗaya fuskar labarin ita ce ta fi tayar da hankali. A 2023 Wood ta wallafa wani aiki a kan mashigin Puget Sound da ke arewa maso yammacin Amurka. Ta je ɗakin adana kayan tarihi inda aka jiƙa kifaye a kwalabe tun 1880, ita da ɗalibanta suka feɗe 699 daga nau'i takwas, suka ƙirga halittu sama da 17,000 masu rayuwa a jikinsu. Waɗanda ke buƙatar mai masauki ɗaya ko biyu ba su canza sosai ba. Waɗanda ke buƙatar uku ko fiye kuwa sun riƙa raguwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar ta tafi tare da ɗumamar ruwan. Da tsuntsaye ne ko manyan dabbobi suka ragu haka, da an yi gangami an kafa asusu. Da yake tsutsa ce, shekara ɗari da arba'in suka wuce babu wanda ya lura. Puget Sound ba ƙasan teku ba ne, a bakin gari yake, jami'a na kallonsa. In a can abu ya ɓace ba a sani ba, ina ga wurin da ke ƙarƙashin ruwa kilomita huɗu?

Mai karatu na da haƙƙin tambayar lafiyarsa, domin Anisakis tana kama mutum. A Holan aka fara bayyana ciwon a 1960, a jikin masu cin ɗanyen kifin herin mai ɗan gishiri. Tsutsar ba ta iya rayuwa a cikin ɗan Adam, amma kafin ta mutu takan yi ƙoƙarin huda bangon tumbi, sai ciwon ciki mai tsanani da amai su taso 'yan sa'o'i bayan cin abinci. Likita yakan zura na'ura ta maƙogwaro ya cafko ta. Japan, inda cin ɗanyen kifi al'ada ce, ita ta fi kowa yawan masu kamuwa, dubbai a kowace shekara. A Sifaniya kuma ƙananan kifayen da ake jiƙawa a ruwan tsami ne ke kawo ta, domin tsami da gishiri kaɗan ba sa kashe ta. Wasu mutane jikinsu na yin borin ƙin ta ko da ta mutu. Maganin dai sananne ne kuma mai sauƙi. Holan ta wajabta daskarar da herin, ciwon ya kusa ɓacewa a ƙasar. Dokar Tarayyar Turai ta ce duk kifin da za a ci ɗanye a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifiri na awa 24. Dafuwar da ta ratsa naman ta kai digiri 60 ita ma ta wadatar. Fitar da kayan ciki da wuri yana taimakawa, saboda bayan kifi ya mutu tsutsar kan bar hanji ta shiga tsoka.

Wannan ya shafi kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi kai tsaye. Kifin ƙanƙara da ake saukewa a kwali, titus da shawa da kote da panla, kifin teku ne, da yawansa daga arewacin Atlantika, kuma waɗannan nau'o'i suna cikin waɗanda aka fi samun Anisakis a jikinsu. Uwargidan da ta tsaga titus ta ga farin zare a nannaɗe a kan kayan ciki ba ruɓaɓɓen kifi aka sayar mata ba. Kifin ya yi makonni a daskare kafin ya iso, tsutsar ta daɗe da mutuwa, ga kuma mai mai zafi na jira. A wanke, a cire, a soya. Abin da ya fi cancantar tsoro a kifin ƙanƙara shi ne wanda ya narke a hanya saboda rashin wuta aka sake daskarar da shi, musamman titus, wanda in ya ɗumama yakan tara wani sinadari mai sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai, kuma suya ba ta kawar da shi.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a ja. Ƙwaron idon shak ɗin Girinlan da Sphyrion da Sarcotaces duk 'yan dangi ɗaya ne da ɗan mitsitsin ƙwaron ruwan tafki da ke ɗauke da kurkunu. Najeriya ta ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, aka yi yaƙi da shi ƙauye-ƙauye da matatar ruwa, Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter suna gaba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar ta rabu da shi a 2013. Babu mai hankalin da zai yi kewar kurkunu. Masanan da suka fitar da shirin kare halittu masu rayuwa a jikin wasu a 2020, ƙarƙashin jagorancin Colin Carlson da Skylar Hopkins, sun cire masu kama mutum da dabbobin gida daga lissafinsu tun daga farko. Waɗannan 'yan tsiraru ne. Sauran dubban ba ruwansu da ɗan Adam, suna can suna rage ƙarfin nau'in da ya nemi mamaye wuri, suna kuma zama abinci ga wasu. Wani bincike da aka yi a bakin teku a Kalifoniya da Meziko, aka wallafa a 2008, ya gano cewa in aka tara su aka auna, nauyinsu ya fi na tsuntsayen da ke kiwo a wurin.

To ga abin da ke tafe. Tsakanin Hawaii da Meziko akwai wani fili a ƙasan tekun Pasifik da ake kira Clarion-Clipperton, zurfinsa mita 4,000 zuwa sama da 5,000, faɗinsa miliyoyin murabba'in kilomita. A kan lakarsa akwai baƙaƙen curarrun duwatsu masu ɗauke da manganis da nikel da kobalt da tagulla, ƙarafan da masu ƙera batir ke nema ruwa a jallo. Kowane curi yana ƙara 'yan milimita ne a shekara miliyan. Hukumar da ke kula da ƙasan tekun da ba na kowa ba, mai hedikwata a Kingston ta Jamaika, ta ba da lasisin bincike kimanin 30, fiye da rabi a wannan fili. A 2021 ƙasar Nauru, wadda ke ɗaukar nauyin wani reshen kamfanin haƙa The Metals Company, ta matsa wa hukumar ta gaggauta kammala dokokin haƙa. A watan Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin hanzarta ba da izini ƙarƙashin dokar Amurka, ba tare da jiran Kingston ba.

Aikin ba ɗan tsinta ba ne. Injin mai girman gida zai bi ƙasa yana zuƙe saman laka da duk abin da ke ciki, a tura sama ta bututu, a ware duwatsun, a mayar da ruwan laka cikin teku. A 1989 masana Jamusawa sun ja garma a ƙasan teku daura da Peru don su ga yadda wuri zai warke. Da aka koma bayan shekara 26, sawun garmar na nan raɗau, kuma halittu da yawa ba su dawo yadda suke ba. Wani lissafi na 2023 ya nuna an ga nau'in dabbobi sama da 5,000 a Clarion-Clipperton, kusan kashi 90 cikin ɗari ba a ko raɗa musu suna ba. Ruwan lakar da za a zubar kuma zai ratsa tsakiyar ruwa, inda ƙananan ƙwari da kifaye masu fitila suke hawa sama kowane dare su yi kiwo su koma ƙasa da asuba. Su ne abincin tuna da wel, su ne kuma matakalar da tsutsotsi ke bi daga wannan dabba zuwa waccan. In matakalar ta karye, tsutsa ce za ta fara nunawa, tun kafin masunta su ga ragarsu ta yi sauƙi.

Ko masu kyakkyawar niyya sun taɓa ƙarar da irin waɗannan halittu ba tare da sun lura ba. A shekarun 1980, da aka kama ragowar manyan ungulayen Kalifoniya don a cece su daga ƙarewa, an yi musu feshin magani, kuma da wannan feshi wata ƙwarƙwata da ba ta rayuwa a jikin kowa sai su ta ƙare a duniya, ba a ma san ko tana da wani amfani ga tsuntsun ba.

Abin da ake nema ba mai tsada ba ne in aka kwatanta da kuɗin jirgin haƙa. Duk kamfanin da ke neman izini a wajabta masa ƙirga halittun da ke jikin kifayen yankinsa kafin ya taɓa laka, ya kuma maimaita ƙirgar a kai a kai. Kifayen da aka kamo don bincike a ajiye wasunsu ɗungurungum, da kayan cikinsu, a ɗakunan adana na jama'a inda kowane masani zai iya zuwa ya duba, domin aikin Puget Sound bai yiwu ba sai don wasu sun cika kwalabe tun ƙarni na 19. A kuma ware kuɗi don horar da masu iya bambance waɗannan halittu, sana'ar da masu ita 'yan kaɗan ne, irin su Rodney Bray na ɗakin tarihin halittu na Landan wanda ya shafe shekaru da dama a kan tsutsotsin kifin ƙasan teku.

Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ayyana ƙasan tekun da ke wajen iyakar ƙasashe a matsayin gadon dukkan 'yan Adam, har da ƙasashen da ba su da gaɓa. Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna da kujera a Kingston, kuma ɗan Ghana, Nii Allotey Odunton, ya shugabanci hukumar daga 2009 zuwa 2016. Wakilan Afirka sun fi mayar da hankali a kan yadda za a raba kuɗin shiga, kuma suna da hujja, don nahiyar ta sha ganin an kwashe ma'adinai an bar ta da rami. Amma dokokin haƙar har yanzu ana kan rubuta su, kuma sashen da ke fayyace abin da kamfani zai auna kafin ya fara aiki yana buɗe ga duk wakilin da ya ɗaga hannu ya nemi a ƙara layi ɗaya.